Muryar Borno a Cikin Littafin Sakkwato: Sharhi a kan Infaƙul Maisuri

Mutumin Matamaye in ya buɗe Infaƙul Maisuri, littafin da Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya kammala a shekarar 1812, labarin ƙofar gidansa yake karantawa. Hanyar da ta ratsa garin ta yi kudu Daura take nufa, wadda ta yi arewa kuwa Damagaram. Wajen 1805 mutanen jihadi suka karɓe Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fice da jama'arsa, daga baya zuriyar gidan sarautar ta kafu a Zango da Baure cikin inuwar Damagaram. Ita kuma Damagaram Borno take bi a wancan zamani, kuma ƙasar Kance ta shiga hannunta a cikin ƙarni na 19. Ashe ke nan wannan yanki yana ɓangaren da littafin ya ɗora wa laifi. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu na yankin su karanta shi da idon basira.

Littafin da Larabci aka rubuta shi. Ya fara da bayanin ƙasashen Takarur da malamansu, ya biyo da tarihin Shehu, sa'an nan ya jero yaƙe-yaƙe tun daga hijira zuwa Gudu da karon Tabkin Kwatto a 1804 har cin Alƙalawa a 1808. Bello ganau ne, da shi aka yi mafi yawan gwagwarmayar, shi ya sa bayaninsa yake da nauyi. Amma ganau ɗin ɓangare guda ne. Yunfa na Gobir da sauran sarakunan Hausa ba su da baki a cikin littafin. Ana ganin aikinsu, ba a jin hujjarsu. Wuri ɗaya ne marubucin ya bar abokin gaba ya yi magana da bakinsa, kuma nan ne darajar littafin ta fi fitowa.

Bayan Birnin Gazargamu ya faɗi a 1808, malamin da ya taimaki Mai na Borno ya ƙwato birninsa, wato Muhammadul Aminu Alkanemi, ya aika wa shugabannin jihadi da wasiƙa yana tambayar dalilin yaƙar mutanen da suke salla, suke azumi, suke fid da zakka, suke gina masallatai. Ya yarda akwai rashawa, da cin dukiyar marayu, da yanka a wuraren da jahilai suke girmamawa. Abin da ya ƙi yarda da shi shi ne a mayar da saɓo kafirci. Ya kawo misalin Masar da Sham, har da wata itaciya a birnin Dimyaɗ da talakawa suke girmamawa, ya nuna malaman can ba su ɗaura wa kowa yaƙi a kan haka ba. A ganinsa maganin jahilci karantarwa ne.

Bello ya kwafe wannan zargi ya sa a littafinsa, sa'an nan ya amsa. Amsar tana da rassa biyu. Na farko, yanka domin duwatsu da itatuwa shirka ce, ta wuce matsayin saɓo. Na biyu, Borno ta ba sarakunan Hausa goyon baya a kan Jama'a, kuma wanda ya jiɓinci kafiri a kan Musulmi hukuncinsu ɗaya. Mai karatu mai lura zai ga reshe na biyu ya fi ɗaukar nauyin gardamar, kuma a nan rauninsa yake: sai an riga an amince sarakunan Hausa kafirai ne kafin taimakonsu ya zama kafirci, alhali wannan shi ne ainihin abin da Alkanemi yake musu a kai. Tambaya ta aƙida aka yi, amsar kuwa ta karkata ga wa yake tare da wa a fagen daga.

Gardamar ba ta tsaya a kan takarda ba, domin wanda aka kafirta dukiyarsa ta zama ganima, iyalinsa kuma ana iya bautar da su. Wajen 1615 Ahmadu Baba na Tumbutu ya lissafa Borno da Kano da Katsina da Gobir cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a bautar da mutanensu ba. Malaman jihadi kuwa suka tsaya a kan ƙa'idar cewa hukuncin ƙasa yana bin na sarkinta. Da wannan ƙa'ida manomin da bai taɓa ganin fada ba yana iya wayar gari a cikin ƙasar yaƙi saboda halin mai mulkinsa.

A nan ne malamin tarihi zai amfana da abin da ya sani na Turai. Bayan Martin Luther ya ɗaga murya a 1517, Kiristocin yamma suka rabu gida biyu, Katolika da Furotesta, kowanne yana riƙe da littafi ɗaya yana kiran ɗan'uwansa ɓatacce. A 1555 sulhun Augsburg ya ba kowane basarake na Jamus ikon zaɓa wa ƙasarsa ɗariƙa. Tunanin ya yi kama da wanda aka ambata a sama, wato talaka yana bin addinin sarkinsa. Can an yi amfani da shi don kashe wuta, nan kuwa don halatta ta, amma a duka biyun ba a tambayi talakan ba. A Faransa an yi yaƙe-yaƙe daga 1562, an yi kisan gillar daren Saint-Barthélemy a Paris cikin watan Agusta na 1572, sai a 1598 Sarki Henri na Huɗu ya kafa dokar Nantes da ta ba Furotesta damar ibada. Louis na 14 ya soke ta a 1685. Turai ma ta sami mai tambaya irin ta Alkanemi: da aka ƙone Michel Servet a Janeba a 1553, Sébastien Castellion ya fito ya ƙalubalanci Calvin a kan kashe mutum saboda saɓanin fahimta.

Kwatancin yana da iyaka. A Turai majami'u biyu ne suka rabu a kan tushen aƙida, a ƙasar Hausa da Borno kuwa duk Malikawa ne, littattafan fiƙihunsu ɗaya. Inda suka haɗu shi ne yadda mulki yake shiga rigar addini. Richelieu babban limamin Katolika ne, ya murƙushe Furotesta a La Rochelle a 1628, amma a 1635 ya shigar da Faransa Yaƙin Shekara Talatin a gefen Furotestan Suwidin don karya gidan sarautar Habsburg na Katolika. Shi ma Alkanemi, mai wasiƙar sassauci, ya tattara ikon Borno a hannunsa, ya jawo runduna ya doshi Kano wajen 1826, sai Yakubun Bauci ya tare shi. A zamanin ɗansa Umaru, a 1846, tsohuwar sarautar Saifawa ta ƙare.

Adalci ya wajaba ga ɗaya ɓangaren kuma. Koke-koken masu jihadi ba ƙage ba ne. Kitabul Farƙi na Shehu ya lissafa harajin zalunci da gaisuwar fada da ƙwacen dukiya, kuma farmakin da Gobir ta kai wa mutanen Abdussalami a Gimbana, aka kama Musulmi, yana cikin abubuwan da suka hura wutar. Sai dai makamin kafirtawa ba ya sanin ubangijinsa. Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar wajen 1807 saboda son duniya da ya gani a cikin Jama'a, ya nufi gabas har ya tsaya a Kano. Shi kuwa Abdussalami, bayan rasuwar Shehu a 1817 ya saɓa da Bello, aka ci garinsa Kware, ya rasu a 1818. Waɗannan abubuwa na ƙarshe sun faru bayan an rufe Infaƙul Maisuri, amma wanda ya san su zai karanta amsoshin Bello da wani ido dabam.

Duk da haka yabo ɗaya ya tabbata ga marubucin. Yana da ikon ya taƙaita zargin Alkanemi a layi biyu, ko ya shafe shi gaba ɗaya, amma ya bar shi da ƙarfinsa, har E. J. Arnett ya same shi ya juya littafin zuwa Ingilishi a 1922. Mai nasarar da ya adana hujjar abokin gabarsa ya ba na baya damar su yi masa hukunci, kuma ba kowane mai nasara ne yake yin haka ba.

Tambayar Alkanemi ba ta tsufa ba. Jihar Diffa ta ga abin da kafirta Musulmi yake haifarwa tun hare-haren 2015, a shekarar da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. Ɗalibin kolejin Matamaye da aka karanta wa wasiƙar Borno da amsar Sakkwato a zama ɗaya, aka ajiye masa dokar Nantes a gefensu, zai gane cewa malamai manya sun taɓa yin saɓani mai zafi a kan wane ne Musulmi, kuma sun yi shi da alƙalami ko a lokacin da takubba suke zare. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na yankin, waɗanda suka san yadda André Salifou ya ɗora Tanimun a dandali, suna da abin aiki a nan: malamai biyu, manzo a tsakaninsu, da manomin Kance da ake yanke hukuncin ransa ba a gayyace shi ba.