Habaicin da ke cikin littafin Valeriyan

Yau zancenmu bisa wani littafin zane ne na ƙasar Faransa, sunansa Valeriyan da Lorelin. Littafin zane shi ne wanda hoto ke bin hoto, maganar kowa tana rubuce kusa da bakinsa. Mutum biyu suka yi shi: Pierre Christin ya tsara labari, Jean-Claude Mézières ya zana. Ya fara fitowa cikin jaridar Pilote a 1967. Da Faransanci yake. Ni ke karantawa ina fassara wa ɗalibaina na ajin yaƙi da jahilci nan Azagor, su kuwa suna bin hotuna da ido.

Valeriyan ma'aikacin hukumar duniya ne na shekara ta 2720. Yana da jirgin da ke kai shi zamanin da ya wuce ko mai zuwa. Wata rana ya koma Faransa ta shekara ta 1000, wata ƴar ƙauye mai suna Lorelin ta cece shi cikin daji, ta zama abokiyar aikinsa.

Masu littafin sun cika shi da habaici. Kun san habaici: a faɗi magana, mai ita ya gane. To, nasu iri biyu ne.

Iri na fari yana cikin kashin da suka fara a 1968. Sun zana birnin Niyok na Amurka a shekara ta 1986, ruwa ya cinye shi, don wani makamin ƙare dangi ya fashe ya narkar da ƙanƙarar arewacin duniya. Cikin birnin akwai wani mai busa sarewa, Sun Rae, wanda aka ari sunansa daga makaɗin Amurka Sun Ra. Akwai wani masani da aka ba fuskar Jerry Lewis, ɗan wasan ban dariya. Mutumin Faransa zai gani ya yi murmushi. A ajinmu ba wanda ya motsa, don ba mu san su ba. Wannan habaici ya faɗi ƙasa banza. Amma na yaba abu guda: labarin bai tsaya ba don ba mu gane ba.

Iri na biyu yana cikin kashin Alflolol na 1972. Mutanen wata duniya sun tafi yawo, suka yi shekara 4000. Da suka komo gida, suka tarar baƙi sun kafa ma'adinai da masana'antu bisa ƙasarsu. Aka ware musu wani busasshen wuri, aka ce su zauna nan. Lorelin ta goyi bayansu, Valeriyan kuwa ya bi umurnin shugabanninsa. Masu littafin suna nufin ƴan asalin Amurka da Turawa suka ƙwace wa ƙasa. Ban kai ga bayyana haka ba, sai wani dattijo makiyayi ya ce: "Mushe, wannan ai mu ne. Mu tafi da bisashe, mu komo mu iske gona bisa burtali." Wani manomi ya ce shi ma iyalinsa sai sun ci. Ranar nan mun daɗe muna muhawara bisa kwarin Tarka da dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa.

Kun ga bambanci. Habaicin fuska da suna na ƴan gari ɗaya ne. Habaicin da ya taɓa ƙasa da abinci da adalci, kowa na da rabo ciki.

Laifin littafin a gare mu shi ne rubutu ya yi yawa cikin wasu hotuna, ƙanana kuma, sabon mai karatu zai wahala. Ga shi ba da harshenmu ba.

Don haka ina kira ga masu zane na ƙasarmu. Ku yi mana namu da Hausa da Tamajaƙ da Fulatanci. Yaron Dakoro ya shiga jirgin zamani ya sauka Lugu a 1899, ya ga Sarauniya Mangu. Ya je Agadas a 1916 wajen Kawusan. Ya ga farin 1984 da idonsa. Nan ne za mu gane habaici ba sai mushe ya fassara ba. Ku kuma da kuka iya rubutu yanzu, ku tambayi tsofaffi labarin da, ku rubuta, ku aiko mana.