Jinjina ga Masu Kula da Zuciyar Mai Jego

Likitoci da ma'aikatan jinya na sashen cututtukan zuciya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da takwarorinsu na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, sun cancanci jinjina saboda daɗewar da suka yi suna yaƙar wata cuta da ta yawaita a ƙasar Hausa, wato raunin tsokar zuciya da kan kama mace a ƙarshen goyon ciki ko a watannin farko na jego. Zuciyar kan buɗe ta kasa harba jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu, numfashi ya riƙa sarƙewa, musamman idan mai jegon ta kwanta.

Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa kunun kanwa, wanda gishirinsa kan sa jiki ya riƙe ruwa, da tsananin zafin wankan jego suna ƙara wa zuciya nauyi. Faɗar wannan ga iyaye mata da suka gaji al'adar kaka da kakanni aiki ne mai bukatar haƙuri da ladabi, kuma ma'aikatan sun jure masa, suna haɗa nasiha da hoton zuciya, wanda na'ura ke ɗauka ta hanyar sautin da kunne ba ya ji, da magungunan rage ruwa.

Wajibi ne magidanta su gaggauta kai duk mai jegon da ke haki ko kumburin ƙafa asibiti.