Amina ta fito a fim, Zazzau ba ta fito ba

Na sake kallon fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, wanda Netflix ta saki a 2021, bayan na dawo Hanwa daga ɗaurin aure a cikin birni. Da ƙurar Ƙofar Doka a takalmina na zauna gaban kwamfuta, shi ya sa abin da ya ɓace a fim ɗin ya fi tsaya mini a rai.

Masu suka sun yi ta magana a kan Turancin da aka sa a bakin mutanen Zazzau, kuma suna da gaskiya. Ni abin da ya fi damuna shi ne garin kansa. Lucy Ameh ta yi ƙoƙari, Ali Nuhu ma ya riƙe nasa, amma an ajiye su a wani gari da ba shi da unguwa, ba shi da zaure, ba shi da sana'a. Akwai takubba da dawaki da fagen gwabzawa, sai dai in ka canza sunayen, labarin zai zauna daram a kowace daula.

Alhali a bakin jama'a, ganuwa ake fara tuna Amina da ita. Har yau ana cewa ganuwar Amina. Ganuwa kuwa aikin gayya ce: masu haƙa ƙasa, masu kwaɓa, masu dafa wa ma'aikata abinci. A nan wasan yake. Wa ya bar gonarsa ya zo gini? Wa aka rufe wa ƙofa da magariba? Fim ɗin bai tambaya ba.

Ba na neman fim ya zama littafin tarihi. Masana ma ba su daidaita a kan zamaninta ba: Tarihin Kano ya haɗa ta da zamanin Sarki Dauda a ƙarni na 15, wasu sun kai ta ƙarni na 16. Inda tarihi ya yi shiru, mai labari na da 'yanci. Amma gini bai yi shiru ba. Buɗe taswirar tauraron ɗan'adam a wayarka, za ka ga sawun ganuwar ya kewaye birni, daga Ƙofar Kuyambana zuwa Ƙofar Gayan, gidaje na cin sa a hankali.

A ranar 11 ga Agusta 2023, wani ɓangare na Babban Masallacin Zariya ya rufta ana sallar la'asar, aka yi asarar rayuka. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a zamanin Sarki Abdulkarim, a shekarun 1830, da ƙasa da azara. Da yawanmu sai a ranar muka fara jin sunan maginin.

Wannan laifin namu ne, mu marubutan Zariya. Mun bar wa baƙi Amina, mun kuma bar magina babu labari. Unguwar Babban Gwani tana nan cikin birni, kuɗin a-daidaita-sahu kawai ke tsakaninmu da ita.