Black Coffee: daga Mthatha zuwa dandalin Ibiza

An haifi Nkosinathi Maphumulo, wanda duniya ta sani da Black Coffee, a ƙasar Afirka ta Kudu a 1976. Ya tashi a hannun kakarsa a garin Mthatha, inda rukunin mawaƙan makaranta ya koya masa haɗa muryoyi. A 1990, cikin murnar sakin Nelson Mandela, mota ta kutsa cikin taro, hannunsa na hagu ya shanye. Duk da haka ya karanci kiɗan jaz a Durban, daga bisani ya rungumi kiɗan rawa na na'ura.

Faifansa na farko, na 2005, ya nuna amfanin wannan tarbiyya. A ciki ya sabunta "Stimela", waƙar Hugh Masekela kan jirgin ƙasa mai kwasar ƴan ƙwadago zuwa mahaƙar zinariya. Bugun na'ura ya zama tamkar tafiyar jirgin, mai rawa na taka ƙafa, baƙin cikin leburori na ratsa shi.

Faifan "Subconsciously" na 2021, wanda ya ci kyautar Grammy a 2022, ya fi tsabtar sauti, kuma ya tara taurarin Amurka irin su Usher da Pharrell Williams. Amma a ganinmu an goge shi har ya yi santsi, domin kunnen masu rawa a tsibirin Ibiza. Da wuya mai sauraro ya ji Mthatha a ciki. Malamin da ke son nuna wa ɗalibai yadda na'ura kan ɗauki tarihin al'umma, ya fara da "Stimela".