Wolfsburg, garin da ya haifi Golf

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota a Kano ko Gusau ya san Golf. An cika ta da fasinja, an ɗaure buhunan masara a but har murfin ya kasa rufuwa, amma direba na taka ta sai ta miƙe. Wannan jaruma tana da mahaifa, wato birnin Wolfsburg na ƙasar Jamus. Ni kam a cikin garuruwan masana'antu na duniya ban ga wanda ya kwanta min a rai kamarsa ba.

Garin yaro ne ƙwarai. An kafa shi ranar 1 ga Yuli, 1938, a wani fili na gonaki da fadama a gefen kogin Aller, cikin jihar da yau ake kira Lower Saxony. Ba haka kawai aka zaɓi wurin ba. Babbar hanyar ruwan nan da aka haƙa, Mittelland, ta bi ta nan, layin dogo na Hannover zuwa Berlin ma ya ratsa, don haka ƙarfe da gawayi za su iso cikin sauƙi. Masana'antar motoci ta Volkswagen tana arewa da ruwan, gidajen jama'a suna kudu.

Farkon labarin yana da ɗaci, kuma ba zan ɓoye shi ba. Gwamnatin Hitler ce ta gina garin, kuma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an tilasta wa dubban fursunoni da mutanen da aka kwaso daga wasu ƙasashe yin aikin bauta a masana'antar. Abin da ya biyo baya shi ne ya sa nake jinjina wa garin. Zuwa 1945 bama-bamai sun riga sun ragargaza ginin, sai wani hafsan sojan Ingila, Manjo Ivan Hirst, ya tsaya tsayin daka aka gyara injuna aka koma aiki. Shekara goma kacal bayan haka, a 1955, aka fitar da Beetle ta miliyan ɗaya, 'yar kumburarriyar motar nan mai inji a baya da iyayenmu suka sani. A 1974 kuma Golf ta bayyana. Kai, wannan ai abin a tafa ne!

Mutanen garin ba su wuce kimanin 125,000 ba, amma masana'antar Volkswagen da ke cikinsa tana ɗaukar ma'aikata wajen 60,000, da yawansu daga garuruwan maƙwabta suke zuwa kullum. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 6, da titunanta da layin dogonta na kanta. Dogayen bututun hayaƙi guda huɗu na tashar wutarta su ne tambarin garin, kana sauka daga jirgin ƙasa su za ka fara hangowa a ƙetaren ruwa.

Inda hankalina ya fi tafiya shi ne Autostadt, filin baje kolin motoci da aka buɗe a 2000. Akwai hasumiyoyi biyu na gilashi, kowacce tana ɗaukar sabbin motoci har 400, an jera su hawa-hawa a zagaye. A tsakiya wani hannun ƙarfe ne ke hawa yana sauka, ya juya, ya zura kansa ƙarƙashin mota, ya ɗauko ta a hankali ya sauko da ita ƙasa ba tare da direba ya taɓa sitiyari ba. Mai saye yana karɓar motarsa dal, ma'aunin tafiyarta yana kan sifili. Wallahi mutum zai iya yini yana kallon wannan abu bai gaji ba.

Jama'ar garin ma baƙi ne suka haɗu suka zama dangi. Bayan yaƙi 'yan gudun hijira daga gabas sun cika shi, daga 1962 kuma dubban 'yan Italiya suka zo aiki, da yawa suka zauna suka hayayyafa. Hatta a ƙwallo ba a bar su a baya ba. VfL Wolfsburg ta ci kofin Bundesliga a 2009 da ƙwallayen Grafite da Edin Dzeko, Obafemi Martins ya taka leda a can, kuma ita ce ƙungiyar Turai ta farko da ta ɗauki Victor Osimhen.