Gadon Ciwo a Waƙoƙin Maori

Masu nazarin waƙoƙin mutanen Maori na ƙasar Niyu Zilan sun saba faɗin cewa waƙoƙin nan kukan wani ciwo ne da jikoki su ka gada daga kakanni, kamar yadda a kan gaji cuta a jini. A ganina wannan fassara ta ɗauko rabin magana ne ta bar rabi. Cuta ba a miƙa ta da gangan, amma mawaƙan Maori da niyya su ke miƙa ciwon ga na baya, suna jera shi tare da sunayen kakanni, sai ya zama amana.

Wanda ya ke son hujja ya duba Nga Moteatea, tarin tsofaffin waƙoƙi da Apirana Ngata ya tattara, Pei Te Hurinui Jones ya taimaka wajen juya su zuwa Turanci, a ka buga kashi na farko mai fassara a 1959. A ciki akwai irin da su ke kira oriori, watau waƙar reno da a kan tsara wa ɗan manyan gida. Ba waƙar sa barci ba ce kawai. A kan karanta wa jariri whakapapa, watau salsalarsa, da duwatsu da kogunan zuriyarsa, sa'an nan sau da yawa a ambaci yaƙin da a ka ci su da wanda a ka kashe ba a rama ba. Malamanmu za su tuna da maroƙi mai jero asalin sarki, amma fa maroƙi ya kan tsallake ranar kunya, oriori kuwa ta kan tsaya a kanta.

Da Turawa su ka zo, sai wannan tsohon tsari ya sami sabon kaya. An ƙulla yarjejeniyar Waitangi a 1840, a 1863 kuwa a ka kafa dokar ƙwace ƙasa, sojojin Ingila su ka shiga Waikato. A 1864 su ka auka wa garin Rangiaowhia, mutanen Ngati Apakura su ka yi ƙaura wajen tafkin Taupo. Makokin da a ke jinginawa ga wata mace, Rangiamoa, na ɗan'uwanta Te Wano ne, wanda ya rasu a gudun hijirar nan. Abin lura shi ne ba a raba mamacin da ƙasar da a ka rasa ba: hawaye ɗaya ya ishi biyun. Har yanzu ana rera shi a wurin makoki, saboda haka duk wanda ya koye shi ya koyi tarihin ƙwacen.

To, ina labarin wanda a ka raba shi da harshen kansa? Makarantun da dokar 1867 ta kafa da Turanci su ke koyarwa, an kuwa yi ta dukan yara don sun yi maganar Maori. Hone Tuwhare, maƙerin tukunyar jirgi ɗan ƙabilar Ngapuhi, wanda a ka haifa a 1922 ya rasu a 2008, da Turanci ya wallafa No Ordinary Sun a 1964. A waƙar da littafin ya ci sunanta yana magana da itace ne a kan bom na nukiliya. Ya kuwa ga Hiroshima sa'ad da ya ke aikin soja a Japan bayan yaƙi. Bature zai ce siffantawa ce. Amma a wurin Maori itace ɗan Tane ne, watau dangi ne a salsala, kuma Tuwhare yana fuskantarsa baki da baki kamar yadda mai jawabi ya ke fuskantar gawa a filin marae. Harshen na aro ne, ladabin maganar kuwa na gida.

Ba na musun cewa waɗansu waƙoƙin baya, musamman na Turanci, sun mai da jero sunayen kakanni ado kurum, suna ba labari a bayansa. Ma'aunin da zan ba malami mai koyar da su shi ne ya ɗauki kowane suna ya tambayi ɗalibai: wane wuri ne, wa ya mutu a can, kuma me a ke bin mai sauraro saboda shi?