Mu Haɗu a Kashi na Biyu: Jiran Sabon Littafi a Dogon Daji

Littafin soyayya na Hausa ba a cika sayar da shi a dunƙule ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 marubuci kan yanka labarinsa gida biyu ko uku, wani lokaci har huɗu, kowane yanki ɗan siriri da za a iya karance shi tsakanin azahar da magariba. A shafin ƙarshe, daidai inda uban yarinya ya buɗe baki zai faɗi wanda ya zaɓa mata, sai a ja layi, a ce mu haɗu a kashi na biyu. Manazarta sun sha tattauna abin da ke cikin waɗannan littattafai, auren dole ne, kishi ne, karatun 'ya mace ne. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne wannan layin da ake ja, da halin da mai karatu ke shiga bayansa. A ganina jira ne ya ƙera siffar labaran da matasanmu ke karantawa, kuma ba inda aka fi ganin haka kamar garin da ke nesa da maɗaba'a, irin su Dogon Daji a ƙaramar hukumar Tambuwal ta jihar Sakkwato, ko ƙauyukan Kebbe da ke maƙwabtaka da ita.

Asalin yankan ba fasaha ba ce, rashin jari ne. A 1980 kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya fitar da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, kowanne cikakke. Ba a daɗe ba tattalin arziki ya karye, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta da suke da tabbacin sayarwa. Sai matasa suka shiga buga nasu da kansu. Wanda ba shi da kuɗin shafi ɗari uku yakan buga kashi na ɗaya, ya kai wa 'yan kasuwar littafi a Kano, abin da ya samu ya buga na biyu da shi. Ɗokin mai karatu shi ne jarin marubuci. In na ɗaya bai ja hankali ba, na biyu ba zai taɓa ganin rana ba. A cikin wannan yanayi Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a 1991, Bilkisu Funtuwa ta biyo baya da Allura Cikin Ruwa.

Daga Kano zuwa Sakkwato tafiyar ta haura kilomita 500, ta Gusau. Daga Sakkwato kuma sai littafi ya sami wanda zai gangaro da shi kudu ta hanyar Jega: ɗalibar makarantar kwana da ta dawo hutu, ko amaryar da aka kawo daga birni, ko direba, ko mai ɗan teburin da ke ba da haya. Kafin ya iso ya riga ya sha hannu. Bango ya cire an liƙa masa takardar kalanda, an ɗinke gindinsa da zare, akwai tabon manja a shafi na tsakiya, a gefe kuma wata ta rubuta wa mugun labarin Allah ya isa da jan biro. Ba kuma lalle ya zo bi da bi ba. Na uku kan riga na biyu isowa, na ƙarshe kan ɓace a hannun wadda aka yi wa aure zuwa wani gari. Tambayar da ke yawo tsakanin 'yan mata a bakin rijiya da hanyar Islamiyya ita ce, «Wa ad da na biyu?» In ba a samu ba, wadda ta taɓa karantawa sai ta ba da labarin da baki, ta cike inda ta manta da abin da ranta ya so.

Wannan doguwar jira ta yi wa karatun wani alheri da ba a shirya ba. Wadda ta ƙare na ɗaya ba ta da na biyu, sai ta sake karanta na ɗaya. Ana haddace wasiƙun masoyan, ana gardama a kan wanda ya kamata yarinya ta aura. Shi ma marubuci ya san watanni za su shiga tsakani, don haka dole ya taƙaita yawan mutanen labarinsa, ya ɗaure zaren yadda ba za a manta ba. Mafi ingancin littattafan wancan zamani suna da ƙashin baya saboda haka.

Riƙe matashi da labari ba baƙon abu ba ne a adabinmu. Littafi na farko na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya fitar a 1937, a kan wannan dabara aka gina shi: aku na jan ɗan sarki Musa da labari dare bayan dare don kada ya fita. Sai dai wannan littafi da littattafan gasar rubutu ta 1933, irin su Ruwan Bagaja da Gandoki da Shaihu Umar, manya ne suka zaɓa wa yara, aka miƙa musu a aji. Ana son su, amma ba wanda ya taɓa tsayawa bakin tasha yana jiran fitowarsu. Littattafan da aka yi ɗokinsu kuwa ba don 'yan shekara sha biyar aka rubuta su ba. Samari da matan aure ne suka rubuta wa tsararrakinsu, ƙanne suka riƙa ɗauka a ɓoye suna karantawa cikin littafin lissafi. A Amurka da Ingila masu ɗab'i sun ware kanta guda don 'yan shekara 12 zuwa 18, suna kuma shelar abin da zai fito watanni kafin ranar. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan da Turanci a jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan, inda Mohammed Sule, ɗan Kano, ya fitar da The Undesirable Element a 1977. Da Hausa ba a yi ba. A 2007, shekarar da yaran Landan suka kwana a layi don sayen littafin ƙarshe na Harry Potter, a Kano gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Ba na cewa duk abin da aka ƙona zinariya ne. Amma an ƙwace wa yara abin da suke jira, ba a ba su wani abin jira a madadinsa ba.

Daga Sakkwato ne ma aka raɗa wa wannan adabi sunan da ya bi shi. Ibrahim Malumfashi, yana koyarwa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, shi ya kira shi Adabin Kasuwar Kano, ya kuma yi ta fafatawa a jaridu da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu, waɗanda suka tsaya wa marubutan. Yana da gaskiya a kan rashin tacewa da gaggawa. Su ma suna da gaskiya cewa littattafan sun sa dubban mata karatu. Abin da ya rage ba a auna ba shi ne mai karatun da ke can ƙarshen hanya.

Rediyo ne ya fara rage wa wannan mai karatu nisa. Shirin Rai Dangin Goro na Ahmad Isa Koko ya kai littafi kunnen wadda ba ta iya boko ba, ya kuma mai da jiran na ranar shiri maimakon na watanni. Sai waya ta zo ta rushe nisan gaba ɗaya. Yau ana rubutu a Facebook da Wattpad da ArewaBooks, amma babbar kasuwar WhatsApp ce. Marubuciya kan saki hoton bango da sunan littafi da ranar farawa, makonni kafin lokaci. Ta ba da shafukan farko kyauta, har sai labari ya kama mutum, sannan ta rufe ƙofa. Mai son ci gaba ta tura kuɗi ta asusun banki ko katin waya, ta aika shaidar biya, a sa ta a rukuni. Marubutan Zafafa Biyar, wato Safiyya Huguma da Billyn Abdul da Hafsat Rano da Mamuhgee da Miss Xoxo, sun kai tsarin wani mataki, inda suka riƙa shelar sababbin littattafai biyar a tashi ɗaya, a biya ɗaya ko a biya duka. Wato ana sayar da littafi kafin a gama rubuta shi. Tsohon tsarin nan ne na ɗoki ya zama jari, sai dai yanzu babu ɗan kasuwa a tsakani.

Yarinyar Dogon Daji na samun shafin yau a minti ɗaya da yarinyar Kano, in har wayar na hannunta. Sau da yawa ta uwa ce ko ta yaya, kuma tana wurin mai caji. Kuɗin sai an kai wa mai POS ya tura. Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin kowa: a watan Satumba na 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga. Duk mai bin labari a inda abin ya shafa, nan labarinta ya tsaya, babu ko tsohon kwafi da za ta ara.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da jiran kullum ke yi wa labarin kansa. Marubuciyar da ke rubutu da dare don a karanta da safe ta zama kamar mai cefanen yau da gobe, ba ta da rumbu. In ta kai shafi na saba'in ta ga ta yi kuskure a na goma, ba halin gyara, an riga an karanta. Kowane shafi dole ya ƙare da abin da zai sa a dawo gobe, shi ya sa suma da haɗarin mota da mari suka yi yawa har suka daina ba da tsoro. Masu karatu kuma na cikin rukunin suna magana: kada ki kashe wane, ki hukunta kishiya, ki ƙara mana zaman amarya da ango. Sun biya kuɗi, ba a iya share su. Sai labarin da ya kamata ya ƙare ya yi ta miƙewa, a cike gurbin da lissafin leshi da turare da sunayen motoci da jerin abincin da aka girka. Wasu kuma sun gano cewa bayanin shimfiɗa shi ke riƙe masu biya. Sukan rubuta a sama cewa littafin na matan aure ne, alhali babu mai gadi a ƙofar rukunin, kuma shafin da aka saya yau gobe yana yawo kyauta, duk da Allah ya isan da marubuciya ke jerawa a kan masu fitar mata da shi. Rubutun Hausar ma ya sha wuya, an mai da z ta koma x, haruffa masu ƙugiya sun ɓace.

Duk da haka ba zan bi masu cewa adabin ya mutu ba. Zancen mutane a cikin waɗannan labarai yana da rai fiye da na littattafan aji da yawa, kuma ana taɓo abin da a da ake kauce masa: fyaɗe, ciwon sikila, shaye-shayen 'yan mata, wahalar 'yar aikatau. Matar aure na samun kuɗinta daga cikin ɗakinta. Ƙorafina a kan wanda ba ya cikin labarin ne. Gwarzon kusan kullum soja ne ko likita ko ɗan hamshaƙi a Abuja, da ɗan zuwa Dubai. Ƙauye wurin da ake tserewa daga gare shi ne a shafukan farko. Sakkwatanci in ya fito, a bakin kaka ko mai aiki ake sa shi don a yi dariya. Ɗalibar da ke zullumin NECO, tana lissafin ko za a bar ta ta tafi Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, da yaron da ke jiran a gama girbi ya tafi ci-rani Kudu, da gidan da ya baro gonarsa a dajin Kebbe saboda tsoro, duk ba su kai a yi musu littafi ba. Samarin ma da a da ke jiran littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, yawancinsu sun mai da ɗokinsu kan fina-finai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So.

Ba marubuta aka rasa ba a wannan yanki. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata zalla, a 2020 Maryam Umar ce ta lashe ta, matashiya daga Sakkwato, da labarin Rai da Cuta a kan korona da abin da musanta ta ya jawo wa wani gida. Ƙa'idar gasar kishiyar ta WhatsApp ce: an iyakance kalmomi, sai an gama ake miƙawa, kuma alƙalai ne ke karantawa kafin jama'a. Amma gajeren labari ne, sau ɗaya a shekara. Babu abin da zai hana a ɗauki wannan horo a kai shi ga dogon labari, a rubuta shi duka, wani ya tace, sannan a riƙa sakinsa shafi-shafi. Mai karatu za ta ci gaba da ɗokinta, ba tare da ɗokin ya karɓe alƙalami ba. Matsalar ita ce wa zai ciyar da marubuciya a watannin da take rubutu ba a biya ta.

Akwai kuma batun ajiya. Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun tattara sunayen littattafan da aka buga tsakanin 1987 da 2002, sama da 700, suka fitar da kundinsu a 2004. Sun iya yin haka ne domin takarda na zama. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka ajiye ayyukansu, an rufe shi a 2023. Na WhatsApp kuwa, da zarar waya ta cika, su ake fara gogewa don a samar wa bidiyon biki wuri.